Harsashi da gidansa: Abin da ya kamata yankin Kazaure ya sa wa ido

Duk lokacin da 'yan sanda ko sojoji suka baje kolin makaman da suka ƙwato a Katsina ko Zamfara, idon mai kallo kan bindiga yake sauka. A ƙirga AK-47 nawa ne, a ɗauki hoto, a watse. Amma wanda ya ƙura wa irin waɗannan hotuna ido zai lura cewa gidajen harsashi, wato abin da sojoji ke kira magazin, sukan fi bindigogin yawa, ga kuma tulin harsasai a gefe. A ganina wannan tulin ne ya fi faɗin gaskiyar halin da ake ciki, domin daga yawan harsashin da mutum ya tara ake gane tsawon faɗan da ya shirya wa.

Mai karatu na iya tambaya: ina ruwan Yankwashi da wannan magana? Jigawa dai tana cikin jihohin da Allah ya rufa wa asiri a Arewa maso Yamma. To amma a duba taswira. Kazaure da Roni da Gwiwa da Yankwashi wani tsini ne na jihar da ya kutsa tsakanin Kano da Katsina, Babura kuwa tana bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura, ita ce ta zarce Kongolam ta nufi Damagaram. A ƙarshen shekarar 2025 hare-haren 'yan bindiga sun tsallako daga Katsina zuwa ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa a jihar Kano, kuma daga can zuwa Roni ba wata tafiya ba ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da Hausawa suka ce ka yi wa naka. Ɗan kasuwar da ke kai kaya Karkarna da ma'aikacin da ke komawa gida Gwiwa kowace Juma'a sun fara jin maganar da ta daɗe tana yawo a Batsari da Zurmi: shin ba lokaci ya yi da kowa zai tanadi abin kare kansa ba?

Kafin a amsa, ya kamata a fahimci dalilin da ya sa mai bindiga, a ko'ina yake a duniya, ba ya tsayawa kan bindigar. AK-47 ƙarfe ne mai jure wahala, yana iya shekara talatin ko fiye yana aiki, ya wuce daga hannu zuwa hannu, daga wannan yaƙi zuwa wancan. Harsashi kuwa sau ɗaya ake amfani da shi. Gidan harsashin AK-47 na yau da kullum talatin yake ɗauka, bindigar kuma tana iya fitar da kimanin 600 a minti ɗaya idan aka sake ta, wato gida guda ba ya wuce daƙiƙa uku. Sannan gidan shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa: wayar da ke tura harsashi a cikinsa takan saki, bakinsa kan lanƙwashe, ƙura da yashi su cushe shi, a cikin gudu kuma a yar da shi. Bindigar da ba ta da harsashi, ko gidanta ya lalace, ba ta fi sandar makiyayi amfani ba. Shi ya sa wanda ya sayi bindiga sau ɗaya yake zama abokin cinikin mai harsashi har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan lissafin ƙarfe ne. Akwai kuma lissafin tsoro, wanda Amurka ta fi kowace ƙasa nuna shi a fili, tunda a can kundin tsarin mulki ne ya ba ɗan ƙasa damar mallakar makami. A 1994, zamanin Bill Clinton, an kafa dokar tarayya da ta hana ƙera wa farar hula gidan harsashi mai ɗaukar fiye da goma, amma ta ƙyale waɗanda aka riga aka ƙera. Kamfanoni suka yi ta ƙerawa kafin dokar ta fara aiki, mutane suka yi ta saye suna ajiyewa, farashin tsofaffin ya tashi, har dokar ta ƙare a 2004. Bayan kisan yara ashirin da ma'aikata shida a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, da aka ji gwamnatin Barack Obama na neman dawo da haramcin, sai shaguna suka wayi gari babu kaya. Ƙudurin kuma bai tsallake Majalisar Dattawa ba a 2013. A jihar Kalifoniya wani alƙalin tarayya ya soke irin wannan haramci a ƙarshen Maris na 2019, kuma a cikin mako gudan da aka samu kafin a dakatar da hukuncin, mutane suka yi rububin saye. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan: da an ji raɗe-raɗin hana shigo da kaya, mai kuɗi yakan cika sito.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban, domin ba a kan kanta ake sayar da kayan ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ta raba bindigogi gida uku. Na yaƙi, irin su AK-47, haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta irin mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ajiye harsashi ba tare da lasisin bindigarsa ba, kuma hukuncin mallakar makamin yaƙi ba ya gaza ɗaurin shekara goma. Wannan rabe-rabe yana da tsohon tarihi. Tun a yarjejeniyar Burasels ta 1890 Turawa suka amince a tsakaninsu cewa a iya sayar wa Baƙar fata bindigar toka da albarushi, amma a tsare bindigar zamani da harsashinta. Sun san inda ƙarfin yake, kuma an gani a Kano da Sakkwato a 1903.

Abin takaici shi ne, yau mai bin doka ne aka bari da rabon 1890. Maharbin Roni ko ɗan sintirin Yankwashi da ke riƙe da harba-ka-ruga, idan ya harba sau ɗaya sai ya tsaya ya sake ɗuri, alhali wanda ke fuskantarsa yana ɗauke da gidaje uku ko huɗu a ƙugu. Duk wanda ya ce wa mutumin ƙauye damuwarsa ba ta da tushe, bai yi masa adalci ba.

Daga wannan giɓi ne kiraye-kirayen kare kai suka taso. Janar T.Y. Danjuma ya yi irin wannan kira a Jalingo a Maris na 2018, ya maimaita a Takum a Afrilun 2025. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya faɗa wa mutanensa a 2021 su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce ma za ta raba takardun neman lasisi, shugabannin tsaro na ƙasa suka ce ba hurumin gwamna ba ne. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai baki ɗaya. Da aka tambayi Gwamna Umar Namadi na Jigawa kan kiran Danjuma na 2025, sai ya nuna rashin amincewa, yana ganin hakan zai jefa ƙasa cikin rashin doka da oda.

Ina ganin Namadi ya fi kusa da gaskiya, ko da yake dalilina ba nasa ba ne kaɗai. A ce gobe an buɗe lasisi ga kowa. Abin da doka za ta ba mutum bindigar farauta ce, wadda ba za ta tsaya gaban AK-47 ba. Wanda ya gane haka zai nufi kasuwar bayan fage, kuma kasuwar nan guda ɗaya ce: dillalin da zai sayar wa mai gadin gari shi ne ke sayar wa na daji. Kowane sabon mai saye ƙarin jari ne ga dillali, ƙarin dalili ne na buɗe sabuwar hanya. Sannan tanadin ba ya tsayawa a gida guda, saboda lissafin da aka yi a sama. Wanda ya sayi gida ɗaya zai ga bai isa ba. Idan ya ji za a rufe iyaka ko an tsaurara bincike, zai ƙara. Idan ya ga Naira na zubewa, kamar yadda ta yi tun Yunin 2023, zai lura cewa harsashi kaya ne da ba ya ruɓewa da wuri kuma ba ya rasa mai saye. Daga nan mai tanadi don tsoro ya zama mai ajiya don riba, ko da bai yi niyya ba. A yankin da rikicin manoma da makiyaya kan tashi lokacin girbi, da rigimar gona da ta gado, harsashin da aka ajiye don ɗan fashi ba lallai ɗan fashi zai samu ba. Zamfara ta ga yadda 'yan sa-kai da ba su da mai tsawata musu suka mayar da satar shanu gabar ƙabilanci.

To daga ina kayan ke fitowa? Mun saba ɗora komai kan Libiya, kuma gaskiya ne rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta watsa makamai cikin Sahel. Amma binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a farkon 2020, kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara, ya nuna hanyoyin sun fi ɗaya: akwai na Libiya, akwai waɗanda suka sulale daga rumbunan gwamnatocin Afirka ta Yamma, akwai bindigogin farauta ƙirar Turkiyya da suka shigo ta tashar jiragen ruwan Legas. A Yulin 2024 Hukumar Kwastam ta sanar da kama kwantena a tashar Onne ɗauke da bindigogi 844 da harsasai 112,500. Sai kuma na cikin gida, wanda ya fi ciwo. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai 178,459 ne 'yan sanda ba su iya ba da bayanin inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47. Idan bindiga mai lamba a jikinta ta ɓace haka, me za a ce game da harsashin da ake rabawa da hannu, wanda ya isa jami'i ya ce ya harba a fagen daga?

Nan ne nake ganin manufofin gwamnati suka fi rauni. An kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro a 2021, aka ba ta doka a 2024, kuma takan lalata bindigogin da aka kama a bainar jama'a. Abu ne mai kyau, amma bindigogin da ke daji sun riga sun isa. Abin da ɗan bindiga ke bukata kowane mako shi ne harsashi, kamar yadda yake bukatar fetur da abinci. Gwamnonin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna sun gane wannan a 2021, lokacin da suka hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin dabbobi. Matakan sun gallaza wa talaka sosai, domin fetur da waya na kowa ne. Harsashin yaƙi kuwa ba na kowa ba ne. Toshe shi ba zai hana mai shayi ko mai awo cin abinci ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tanadi sa wa harsashi alamar da za a bi sawunsa, kuma masana'antar DICON da ke Kaduna tun 1964, wadda aka sabunta dokarta a 2023, tana ƙera harsashi. Babu abin da ya hana a san kowane ƙunshi rundunar da aka ba, ta yadda kwanson da aka tsinta bayan hari zai nuna rumbun da ya fito. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara wahalar haɗin kai a kan iyaka, wanda ya sa gyaran cikin gida ya ƙara zama dole.

Haka nan rundunonin da jihohi suka kafa. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a Janairun 2024. Idan wata rana Jigawa ta ga bukatar ɗaukar irin wannan mataki a yankin Kazaure, tambayar farko ba yawan matasan da za a ɗauka ba ce. Wa ke riƙe da makullin rumbu, wa ke rubuta abin da ya fita da safe da abin da ya dawo da yamma, kuma wa ke bincikar mai rubutun?

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi mai karatu kai tsaye, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. Harsashi ƙaramin kaya ne. 'Yan sanda sun sha nuna waɗanda aka kama da shi a cikin buhun hatsi, da jarkar manja, da jakar tufafi, wasu lokuta a hannun mata, a motar haya ta yau da kullum. Yankin da ke zaune lafiya, mai hanya mai kyau da ƙarancin shingaye, shi ne dillali ya fi so ya bi. Al'adarmu ta ba direba saƙo a tasha, ya karɓa bai buɗe ba saboda kunya ko sabo, ta zama ƙofa. Direban da aka samu irin wannan kaya a motarsa zai sha wuya kafin ya gamsar da kotu cewa bai sani ba, musamman tun da aka ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a ƙarshen 2021, kuma dokar ta'addanci ta 2022 ta haɗa da masu kai musu kaya. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kazaure da Babura, da sarakunan kasuwa, da dagatai da masu unguwanni, suna iya tsayawa kan ƙa'ida guda tun yanzu: a buɗe kowane saƙo a gaban mai shi, a rubuta sunansa da lambar wayarsa da ta wanda zai karɓa, kafin a ɗora a mota.