Da Me Za A Auna Malamin Wasanni?

Malamin lissafi ana buɗe littattafan yaransa a ga aikinsa. Akawu kuwa fayil da littafin kuɗi su ne shaidunsa. Amma malamin wasanni a fili yake aikinsa, ƙura ta tashi ta kwanta, ba abin da ya rage a takarda. Saboda haka in shekara ta ƙare aka kawo wa hedimasta takardar rahoto, yawanci tambaya ɗaya yakan yi: ya ciwo mana kofi ko bai ciwo ba? Mu a ganinmu wannan mugun ma'auni ne.

A ɗauki makaranta a gari irin Gonin Gora, can ƙetaren kogin Kaduna a bakin hanyar Abuja, inda jama'a suka yi yawa, yara kuma ɗaruruwa. Kofin ƙwallo yara 11 ne ke ciwo shi. Malamin da ya san da kofi kaɗai za a auna shi, lalle zai ware waɗannan ya bar saura a gindin mangwaro, 'yan mata kuwa ba a ma zancensu. In nasa suka kasa, sai ya shiga gari ya nemo ƙato mai aske gemu, ya sa masa rigar makaranta.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. A shekarar 1989 hukumar FIFA ta hana Nijeriya shiga gasar matasa har shekara 2, domin an sami saɓani a shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu. A 2009 kuma, sa'ad da aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar nan, har da filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, sai da aka kawo na'urar duba ƙashin wuyan hannu don gane shekarun yara. Abin kunya ne ƙashi ya fi rajista gaskiya, rajistar nan kuwa malami da akawu ne ke rubuta ta.

Tun rahoton Udoji na 1974 aka ba da shawara a bar rahoton asiri, ma'aikaci ya ga abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Madalla. To, amma mai rubutawa ya kamata ya gani da idonsa tukuna. Muna roƙon hedimastoci da masu duba makarantu su riƙa fita fili ba tare da sanarwa ba. Su duba ko malami yana zuwa kan lokaci, yara nawa ya sa a wasa cikin mako, da yadda yake magana da yaron da ba ya iya gudu, ko da lallashi ko da bulala. A ƙirga ƙwallaye da riguna a farkon zango da ƙarshensa. Kafin kowace gasa kuma a gwada sunayen 'yan wasa da rajistar shiga makaranta, hedimasta ya sa hannu a ƙarƙashin na malamin.