Wa zai yi wa 'yan siyasa da 'yan jarida tashe?

A ƙasar Amurka akwai wani shirin talabijin mai suna The Daily Show, wanda tashar Comedy Central ta fara gabatarwa a 1996, ake kuma nuna shi da ƙarfe 11 na dare agogon Niyok. Mai gabatarwa yakan zauna a bayan tebur cikin kwat, tamkar mai karanta labarai na gaske, sai ya nuno hoton ɗan siyasa yana rantsuwa a kan wata magana bara, ya biyo da hotonsa na bana yana musun cewa ya taɓa faɗin ta, sa'an nan ya yi shiru ya bar 'yan kallo da dariya. Jon Stewart ya riƙe shirin daga 1999 zuwa 2015, Trevor Noah ɗan Afirka ta Kudu ya gaje shi har zuwa 2022. Abin da ya fi jan hankalina shi ne bulalar shirin baki biyu gare ta, ɗaya na masu mulki, ɗaya na kafafen yaɗa labarai da ke kwashe maganarsu su zuba wa jama'a ba tare da tambaya ba.

Wannan salo ya ketara teku. A Masar, likita Bassem Youssef ya yi tashe da shirinsa daga 2011, aka kira shi gaban masu gabatar da ƙara a 2013 zamanin Shugaba Morsi, a 2014 kuma ya rufe shirin. A nan gida, tashar Channels ta fara The Other News a 2017 tare da Okey Bakassi, amma da Turanci. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a sami irin wannan shiri da Hausa, mai gurbi na dindindin, domin yadda jama'a suka rungumi bidiyoyin Ɗan Bello a wayoyinsu a 2024 ya nuna akwai ƙishirwar abin.

Kada wani ya ce baƙuwar al'ada nake son shigo mana da ita. Tun kafin a ƙera akwatin talabijin, fadar sarakunanmu tana da wawan sarki, wanda ke faɗin abin da waziri ba zai iya faɗi ba. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, sarkin na zaune yana kallon kansa. 'Yan kama sun kwaikwayi malamai, yara masu tashe kuma duk watan azumi suna tsokanar gwauro da mai rowa. A zamanin soja ma, marigayi Usman Baba Pategi ya sa Arewa dariya da halayen bariki a Samanja Mazan Fama. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa da wasa ake gaya wa wawa gaskiya.

To, da me za a auna irin wannan shiri? Ni ma'aunina ita ce Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ke kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Lolo na fuskantar Madekali, Tsamiya na kan hanyar Segbana, Illo kuwa tsohon gari ne da ya girmi iyakar kanta, domin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba wannan yanki gida biyu. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa na ɓangarorin biyu suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Amma mai karatu ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya ji sunan waɗannan garuruwa a labarai ba tare da kalmar fasa-ƙwauri ko hari a kusa ba?

Mu tuna abin da ya faru. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu da sunan kare manomin gida. A watan Nuwamban wannan shekara hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ma'ana, manomin rani a fadamar Kogin Kwara, wanda aka ce domin shi aka rufe iyakar, ba shi da inda zai sayi man injin ban-ruwa a garinsu sai wurin 'yan bumburutu, a farashin da ya yi wa Naira 145 ta gwamnati nisa. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfum, babu ta Kebbi a ciki, sai a Afrilun 2022 aka buɗe Kamba. Marubucin wasan barkwanci ba ya buƙatar ƙara gishiri a nan. Ya jera jawaban manya bi da bi, ya aika wakilinsa na wasa ya tsaya a gaban gidan mai da ke kulle yana yaba wa gwamnati, magana ta ƙare.

Su kuma 'yan jarida me suka yi? In ban da ƙalilan da suka taka har bakin iyakar, abin da aka riƙa nuna mana shi ne jami'ai tsaye a gaban buhunan shinkafa 'yar waje da jarkokin mai, ana karanta adadi, ana ɗaukar hoto. Mota nawa ta wuce kafin a kama wannan? Shinge nawa ta ratsa, wa ya ɗaga mata sanda? Sanarwar da jami'in hulɗa da jama'a ya rubuta a ofis ita ce ke fitowa a jaridu biyar, har da kuskuren rubutunta. Kuɗin motar da ake miƙawa cikin ambulan bayan taron manema labarai ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jarida ba ta cika fallasa 'yar'uwarta ba, saboda haka sai mai barkwanci ne zai iya riƙa mata madubi.

Na san akwai masu ja. Na farko za su ce addini ya hana izgili, kuma gaskiya ne, Suratul Hujurati ta yi hani a kan haka ƙarara. Sai dai akwai bambanci tsakanin yi wa mutum dariya saboda halittarsa ko asalinsa ko iyalinsa, da kuma nuna wa jama'a cewa alkawarin da ya ɗauka a bainar jama'a ya saɓa da aikinsa. Na farkon cin mutunci ne, na biyun tunatarwa ce ga wanda aka damƙa wa amana.

Na biyu za su ce hatsari ne, kuma tarihi na bayansu. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. An ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a Kano a 2008 kan wani fim. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin. Ko a Amurka an dakatar da shirin Jimmy Kimmel na 'yan kwanaki a Satumbar 2025. A wurina wannan hujja ce ta cewa a yi shirin a ƙarƙashin tasha mai lauya da edita, maimakon a bar yaro shi kaɗai da wayarsa yana fuskantar kotu.

Hatsari na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato a saye shirin. Mun ga yadda sojojin baka suka mayar da wasu filayen siyasa na rediyo dandalin zage-zage na haya. Idan mai barkwanci yana da uban gida, to ya zama maroƙi, sai dai kawai ya sauya kalangu da kyamara. Maganin wannan sharuɗɗa uku ne: kada a karɓi tallar gwamnati ko ta jam'iyya a cikin shirin, kada a yi raha da abin da ba a tabbatar ba, kuma bulalar ta hau kowace jam'iyya, har da tashar da ke nuna shi.

Daga ƙarshe, a yi shirin yadda kunne kaɗai zai iya bin sa, a maimaita shi a rediyo da safe, domin mutumin Ka'oje da na Zagga ba kullum ke da wutar kallon talabijin da tsakar dare ba. Dariya ba za ta gyara hanya ko ta kori 'yan bindiga ba, amma ɗan siyasar da ya san an adana maganarsa ta jiya zai auna ta gobe, editan da ya san za a karanta kanun labarinsa ana dariya zai tura wakili Lolo ya gano wa idonsa. Masu gidajen talabijin da rediyo na Arewa, ga fili ga mai doki. Allah Ya ba mu shugabanni masu jure gyara.