Wasiƙa Daga Yawuri: Labarin Gida Ba Sai An Yi Rasuwa Ba

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma na zo roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni. A wancan mako na yi wa masu karatu alkawarin zancen tsadar albasa a kasuwar Yelwa, amma sai su gafarce ni, albasa ta dakata tukuna, gama wani abu ne ya tsaya mini a zuciya, na ga gara in faɗe shi tun bai huce ba.

A wurin da na ke aikin akawu, inda mu ke awon shinkafa muna rubuta buhuna, akwai wani dattijo Ba'indiye, shi ne akanta. Ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da ya ke har yau namiji da mace duk "shi" ya ke ce musu. Ran nan na ga wani jan zare ɗaure a wuyan hannunsa, na tambaye shi ko magani ne. Ya ce a'a, ƙanwarsa ce ta aiko masa a cikin ambulan tun daga Bambai. Al'adarsu ce, ko wace shekara wajen watan Agusta mace ta kan ɗaura wa ɗan'uwanta zare, suna kiransa rakhi, in kuwa ya yi nisa sai ta sa a gidan waya. Ya ce tun da ya bar gida bai taɓa fashi ba. Zaren nan bai kai kuɗin kan sarkin da aka manna masa ba, amma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Mutumin nan, tun da na san shi, kullum da la'asar sai ya ɗauki waya ya fita ƙarƙashin darbejiya ya yi kamar minti goma sha biyar yana magana da harshensu. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, watau la'asar ɗinmu su sun gama cin abincin dare. Bara na kasa haƙuri, na ce, "Maigida, lafiya dai? Ko wani ne ba shi da lafiya a gida?" Ya yi dariya ya ce kowa lafiya. Na ce to, me ku ke faɗa haka kullum? Ya ce yau dai tsohuwarsa ta ce tumatir ya yi tsada, jikan wansa ya yi wawulo, ƙanensa na Dubai ya sake tabarau, sa'an nan ruwan sama ya hana shanya kwana uku. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan." Na ce a raina, kai, wannan ɓarnar kuɗi da yawa ta ke.

Da ya ga fuskata sai ya zaunar da ni ya ba ni asalin abin. Ya ce su mutanen ƙasar Sindu ne, garinsu Haidarabad, a bakin wani babban kogi kamar Kwara. A shekarar 1947, da aka raba ƙasa aka fitar da Pakistan, garinsu ya faɗa wancan gefe, mafi yawan masu addinin Hindu suka tashi, da yawansu ta jirgin ruwa daga Karaci zuwa Bambai. Aka zuba su a wani tsohon barikin soja, wanda daga baya ya zama garin da a ke kira Ulhasnagar. Da ma fatake ne masu nisan zango, ai kantin Calaram da iyayenmu suka sani na mutanensu ne, tun 1923 ya ke a Ikko. Da gida ya watse sai kowa ya kama gabansa. Yau zuriyar kakansa tana Bambai, da Dubai, da Landan, da Ikko, ga shi kuma shi a Yawuri.

Ya ce kakarsu ce ta kafa doka a barikin nan, cewa duk ɗanta da ya fita sai ya rubuto wasiƙa bayan ko wane mako biyu. In ta iso sai a tara gida a karanta da ƙarfi, a ƙara ɗan rubutu a ƙarƙashi, a aika wa na gaba, har ta zagaye 'yan'uwa. Wanda ya ce ba shi da labari, sai ta ce ya rubuta abin da ya ci jiya. Kuma a can, in ji shi, tun ba a buɗe takarda ba a kan san abin da ta ɗauko: ta rasuwa a kan yage kusurwarta guda, ta biki kuwa a kan shafa mata gangamau. Dalilin dokar tsohuwa ke nan, ba ta so zuwan masinjan gidan waya ya zama abin faɗuwar gaba. Yanzu waya ta gaji takarda, amma dokar tana nan. Sunayen danginsu ma abin dariya ne a kunnen Bahaushe, gama da harshen Hindi kawu shi ne mama, kaka namiji na wajen uwa nana, baffa kuwa caca. Na ce masa a garinmu kowa ya ce yana da caca a gida sai a kai shi wurin alƙali.

Muna cikin dariya sai jikina ya yi sanyi, domin na tuna mu ma an taɓa yi mana irin wannan watsewa, sai dai su mutum ne ya raba su, mu kuwa ruwa. Kakana Bagunge ne, a tsibiri aka haife shi, yana noman albasa da rani, gero da dawa da damina. A lokacin, in ji iyayenmu, labari ba ya bukatar takarda. Kowa yana jin dakan kowa, wanda ke wani gungu kuwa kwalekwale na kai maka shi kafin tuwo ya huce, ran kasuwar Yelwa kuma a gamu duka. A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, a 1968 aka gama, ruwa ya taso ya ci tsohuwar Busa da gungu da yawa, aka tayar da mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin garuruwa. 'Ya'yan kakana huɗu, ɗaya ya sauka wajen Wara a ƙasar Ngaski, ɗaya ya yi arewa wajen Shanga, ɗaya ya bi kifi har kusa da Sabuwar Busa, mahaifina ya zauna Yelwa. Jikoki kuwa ga su nan Kwantagora, da Kaduna, da Ikko.

To, jama'a, tafkin nan duk girmansa tsawonsa bai kai mil 90 ba. Ina mil 90, ina Dubai? Amma Ba'indiyen nan ya san haƙorin jikan wansa ya fita, ni kuwa in ka tambaye ni 'ya'yan baffana na Shanga nawa ne, sai na yi lissafi da yatsu, in ƙare kuma da kuskure. Labarin da ke yawo tsakaninmu iri uku ne: an yi rasuwa, za a yi biki ko suna, ko kuwa a taimaka da wani abu. Shi ya sa in ka ga lambar ƙauye a waya gabanka ya kan faɗi. Ba na ɓoye muku, ni kaina na sha barin wayar Kawu ta yi ta kuka har ta gaji, musamman in wata ya yi nisa.

Ran 26 ga watan Mayu 1921 da za a ce ne, da sai in ce laifin rashin waya ne. Amma ran 26 ga Mayu 2021 ne jirgin ruwan nan ya nutse kusa da Wara da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. Na ji labarin a rediyo ina ofis, na ce Allah ya ji ƙansu, na ci gaba da rubutuna. Sai a rana ta uku aka gaya mini 'yar gwaggona tana ciki. Tare muka tashi da ita, ita ta koya mini iyo. Ashe ta shekara biyu tana ƙetare ruwa tana ɗan ciniki tun da mijinta ya kwanta ciwo, ban san ta fara ciniki ba, ban san mijin ba shi da lafiya ba. Da na je gaisuwa, Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ashe ka san hanya?" Yara suka kewaye ni, sai da na raɗa wa wani ya nuna mini waɗanda su ke nata. Kunyar ran nan har gobe ba ta sake ni ba.

Na san wani malami zai ce, ai zumunci a ƙafa ya ke. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙafar nan sau nawa ta ke zuwa? Ga tsadar mota, ga halin da hanyoyinmu su ke ciki, ga aiki. Sau ɗaya a shekara in an yi ƙoƙari, kuma in ka je sai gaisuwa, ina gajiya, ina gida, lafiya lau. Mu mutane ne masu kunya da kara, mutum yana kwance rai a hannun Allah ka tambaye shi, ya ce da sauƙi. Wannan hali ne mai kyau, amma in ba a saba taɗin yau da kullum ba, babu ƙofar da babban zance zai shigo ta ciki. Ba kuma ina cewa duk abin da Indiyawa ke yi daidai ne ba. Akantan da kansa ya kan yi ƙorafi, wai a gidansu ba a ɓoye komai, ko auren 'yarsa sai da gwaggonni biyar a ƙasashe uku suka sa baki. Wannan kam mu ma muna da namu, ba sai mun aro ba.

Abin da na aro shi ne dokar tsohuwar nan. Tun hunturun da ya wuce, ko wane ƙarshen mako bayan magariba na kan buga wa gida ɗaya, bi da bi, Wara, Shanga, Busa, Kwantagora, in sake zagayowa. Ran da na fara da Gwaggo, tun ban gama gaisuwa ba ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Gwaggo."

Ta ce, "To, me ka ke so?"

Na ce, "Ba kome. Me kuka ci jiya?"

Ta yi shiru, sa'an nan ta fashe da dariya ta ce, "Kai ɗan nan, ko sun kore ka daga aikin ne?" Daga nan fa sai ta ɓalle. Akuyarta ta haifi biyu. Baƙin ruwa, wanda ke zuwa da sanyi tun daga ƙasar Gini bayan farin ruwan damina ya janye, bana ya iso har gindin tsamiyar bayan gida. Maƙwabciya ta ari turmi ta ƙi mayarwa. Sai can wajen ƙarshe, tsakanin zancen turmi da na kaji, ta ce babban ɗan marigayiya yanzu ya iya jefa birgi, kullum da asuba yana ruwa. Na ce makaranta fa? Ta ce ai ya bari tun bara, rigar makaranta ta yage, ba kuɗin wata. Gwaggo ba za ta taɓa bugo waya ta roƙi kuɗin riga ba, ko za ta mutu, kuma da ban tambayi tuwon jiya ba da har yanzu ban ji ba. Yaron yana wurina a Yelwa yanzu, yana aji biyar, in an yi hutu ya koma wurin kakarsa.

Ku malaman makaranta da akawuna 'yan'uwana, da can mu ne masu rubuta wa dangi wasiƙa, mu ne masu karanta musu. Ina so in ji daga gare ku ta bakin Edita, musamman mutanen Ngaski da Shanga da na tungayen bakin ruwa waɗanda aiki ya kai nesa, yadda ku ke yi da naku. Akanta ya ce in gaishe ka, ya ce kuma in gyara, haƙora biyu ne suka fita, ba ɗaya ba. Zancen albasa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naka,
Akawun Bakin Kwara,
Yelwa ta Yawuri.