Horas Da Ma'aikata Ta Intanet A Sabha: A Auna Da Wayar Lebura, Ba Da Ta Manaja Ba

Masu iya magana na cewa da abokin daka ake shan gari. Wannan magana ce ke faɗo mana a rai duk lokacin da muka ji wani kamfani ko wata hukuma a nan Sabha ta ce za ta sayi manhajar shirya darussa domin horas da ma'aikatanta ta intanet, saboda sau da yawa a ofis ake yanke shawarar, ba tare da an tambayi wanda aka shirya darasin dominsa ba.

Ko shakka babu, horaswa ta intanet ta zauna da gindinta a Fazzan. Daga Sabha zuwa Tarabulus tafiya ce ta fiye da kilomita 700 a mota, ba kowane ma'aikaci za a iya ɗauka a kai shi bita can ba. Sannan tun da cutar korona ta yi ƙamari a wannan gari a tsakiyar shekarar 2020, aka hana taruwa, ma'aikatu suka gane cewa ana iya koyar da mutum ta wayarsa. Abin da ya rage shi ne da wane kayan aiki za a shirya darasin, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Mu fara da tambayar su wane ne ma'aikatan. Su ne leburorin 'yan kwangila a rijiyoyin mai irin na Sharara da ke yankin Ubari, da masu feshin magani a gonaki, da masu shara da kwashe allurai a asibitoci, da 'yan gidan burodi da makanikai. Shekara da shekaru 'yan Nijar ne suka fi yawa a ƙididdigar baƙi da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ke fitarwa a Libiya, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya koro mutanen can da dama. Da yawansu Hausa suke ji, wasu harshen Tubawa, wasu na Buzaye. Akwai wanda ya iya Larabcin kasuwa sarai, amma bai iya karanta shi ba.

Mun taɓa ganin wani kamfanin kwangila da ya kawo wa leburorinsa darasin kare kai daga haɗari. Bidiyo ne mai kyau cikin Turanci, da fassarar Larabci a rubuce a ƙasa. Wayoyin yaran suka kasa buɗe shi, waɗanda suka buɗe kuma ba su fahimci komai ba. Daga ƙarshe shugaban leburori ya karɓi wayoyin ya danna wa kowa amsa, aka buga takardun shaida. A takarda kowa ya ƙware, amma a bakin aiki babu wanda ya san inda zai nufa idan iskar gas mai guba ta ɓalle. Wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, wasa ne da rayukan bayin Allah.

Saboda haka muna ganin kafin a dubi sunan kowace manhaja, a fara gwada ta a kan mafi arhar wayar da ke hannun ma'aikata, a lokacin da babu wuta kuma layin Libyana ko Almadar na rawa. Duk mazaunin kudu ya san yadda wutar lantarki ke ɗaukewa sa'o'i da dama, musamman da zafi, kuma idan ta daɗe har layin waya kan raunana. Darasin da ba ya buɗewa sai da intanet mai ƙarfi bai dace da mu ba. Manhajar Moodle, wadda aka fara fitarwa a Ostareliya a 2002, kyauta ce, tana karɓar rubutun Larabci, kuma ana iya sauke darasinta a waya a karanta bayan intanet ta ɗauke. Akwai kuma Kolibri da aka ƙera musamman domin wuraren da babu intanet, da H5P ta shirya gajerun tambayoyi, ita ma kyauta.

Abu na biyu shi ne murya. Mu da muke aikin rediyo mun san cewa abin da kunne ya ji cikin harshen uwa ya fi zama a zuciya. Minti ɗaya na murya bai kai megabait 1 ba, alhali minti ɗaya na bidiyo mai kyau kan haura megabait 10. Da manhajar Audacity ta kyauta da makirfo ɗaya, ana iya naɗar darasi na minti biyar cikin Larabci da Hausa da harshen Tubawa da na Buzaye, a haɗa da hotunan ainihin injin da mutum ke aiki da shi, a tura ta WhatsApp ko daga waya zuwa waya. Amma a yi hattara da fassarar na'ura. Umarnin da ran mutum ya rataya a kansa, dole ɗan Adam mai jin harshen ya saurara ya tabbatar kafin a raba.

Na uku shi ne kuɗi. Manhaja irin su Articulate 360 na da inganci, ba mu musa ba, amma hayarta ake yi, fiye da dala 1,000 a shekara ga kowane mai shirya darasi. A watan Afrilun 2025 Babban Bankin Libiya ya rage darajar dinari da kashi 13.3 cikin ɗari, wanda ke nufin duk abin da ake biya da dala ya ƙara tsada dare ɗaya. Babban kamfanin mai zai iya jurewa, amma ƙaramin ɗan kwangila ko asibitin ƙauye ranar da ya kasa biya, gyaran darasin ya tsaya. A tambayi mai sayarwa tun farko: idan muka daina biya, darussanmu na hannunmu ko na hannunku?

Wasu za su ce ai kayan kyauta ma sai da mai kula da su. Gaskiya ne. To amma Jami'ar Sabha, wadda ta tsaya da ƙafafunta tun 1983, tana yaye matasa masu ilimin kwamfuta, da yawansu na zaune babu aiki. Kuɗin da za a tura waje gara a biya su da shi, ilimin ya zauna a gida. Haka kuma kowane darasi na waya ya ƙare da gwaji a bakin aiki, inda mutum zai nuna da hannunsa yadda ake sa takunkumin fuska ko kashe inji, domin danna waya ba shi ne iyawa ba.

A ƙarshe muna kira ga shugabannin kamfanoni da na asibitoci da majalisar birni, duk ranar da za a zaɓi manhaja, a zaunar da lebura biyu ko uku a wurin, a miƙa musu darasin a wayoyinsu. Idan sun buɗe, sun ji, sun iya maimaita abin da aka ce, a saya. Idan ba haka ba, a bar wa mai kaya kayansa. Allah Ya kare mana ma'aikatanmu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya, amin.