Tassa: Ramin da ke Farfaɗo da Faƙo

Bayan farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970, manoma da dama a lardin Yatenga na Burkina Faso sun bar gonakinsu sun yi ƙaura. Yacouba Sawadogo, manomin ƙauyen Gourga kusa da Ouahigouya, bai tafi ba. Ya koma ga tsohuwar dabarar kakanninsa ta zai, wadda a Nijar ake kira tassa, ya inganta ta.

Tun da rani ake haƙa ramuka a faƙo, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki a ciki. Takin yakan jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa, ruwan farko ya nitse maimakon ya kwarare. Gero da dawa sai su tsira inda ko ciyawa ba ta fita. Kafin rasuwarsa a 2023, Sawadogo ya raya daji mai kimanin hekta 40, ya kuma samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar suka ziyarci Yatenga. Da suka dawo, tassa ta bazu har aka fara sayen faƙon da a da ba mai kallonsa.

Aikin akwai wahala, gaskiya, kuma taki ba ya isar kowa. Shi ya sa wannan jarida ke ganin ya kamata gwamnatocin Sakkwato, Katsina da Jigawa su kai manomansu Illela ta Nijar su gani da idonsu, sannan su tallafa musu da diga da amalanken dakon taki tun kafin damina.