Tseren motoci iri ɗaya: kowa ya sha mai daga tanki ɗaya

Yau za mu leƙa ƙasar Amurka, inda masu tseren motoci na sha'awa suka daɗe suna ja-in-ja a kan wata tambaya da duk ɗan kasuwa zai gane bakin zarenta: idan an ce kowa ya zo da mota iri ɗaya, to wane mai ya halatta a zuba mata, kuma wa zai tabbatar ba a yi coge ba?

Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa tun 1944, ita ce ke shirya yawancin irin wannan gasa. Masu shiga ba albashi suke ɗauka ba. Akwai makanikai, da malaman makaranta, da masu shaguna, kowa da kuɗin aljihunsa. Rukunin da ya fi tara jama'a shi ne Spec Miata, na ƙaramar motar nan ta kamfanin Mazda mai kujera biyu da ta fito a 1989. Doka ta ƙayyade taya, ta ƙayyade nauyin mota da direbanta a ciki, kuma masu babban inji ana sa musu wani faranti mai rami wanda ke rage iskar da ke shiga, domin kada su fi ƙananan ƙarfi. Manufar ita ce iya tuƙi ya raba gardama, ba nauyin aljihu ba.

To amma fa motar da ƙarfinta bai wuce na doki 100 da ƴan kai ba, ƙarin doki biyu ko uku ya isa ya raba na ɗaya da na goma. Kuma kowa ya san inda ake neman wannan ƙari. A gasar ƙarshen shekara ta 2014 a filin Laguna Seca na jihar Kalifoniya, bayan an kwance injuna an duba, an soke nasarar motoci da dama da suka zo kan gaba saboda gyaran da aka yi wa kan inji ya saɓa doka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai shi ƙarfe ana iya auna shi da ma'auni a gani da ido. Mai kuwa ruwa ne, launinsa ba ya tona asirinsa.

Ga yadda dabarar take. Inji yana samun ƙarfi ne gwargwadon iskar oksijin da ya samu ya ƙone mai da ita. Farantin nan ya tsare ƙofar iska, amma akwai man tsere na musamman da ke ɗauke da oksijin a cikin jikinsa, sai ya shigo da ita ta bayan gida. Wasu sinadaran, irin su nitrometan, an haramta su ƙiri-ƙiri. Wasu kuwa suna bakin iyaka, ga su da tsada ninkin-ba-ninkin a kan man gidan mai. Mai hali ya saya, talaka ya bi shi da ido. Daga nan gasar ta tashi daga ta direbobi ta koma ta masu kuɗi.

Ra'ayi ya rabu uku. Na farko sun ce a bar kowa ya zuba abin da ya ga dama, tunda sa ido yana da wuya. Wannan mika wuya ne, domin ya rushe dalilin kafa rukunin tun daga tushe.

Na biyu sun ce kowa ya sayi man gidan mai na yau da kullum, a riƙa gwadawa da na'ura. A ido wannan shi ne adalci, kuma shi ya fi araha. Amma man gidan mai ba ɗaya ba ne. A Amurka yawancinsa yana da kashi 10 cikin 100 na itanol da ake tatsa daga masara, lambar oktan tana kamawa daga 87 zuwa 93, haɗin lokacin sanyi daban da na lokacin zafi. Na'urar hannu da ake tsomawa a cikin mai tana nuna cewa haɗin ya kauce, ba ta faɗin wanda ya haɗa. Ke nan mutum zai iya tsayawa a hanya ya cika bidonsa da zuciya ɗaya, ya je a kama shi da laifin da bai sani ba. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan. A farkon shekarar 2022 man fetur mai yawan metanol ya shigo Najeriya daga Turai, aka sayar da shi a gidajen mai masu lasisi, injuna suka lalace, layuka suka yi tsawo. Wane direba ne ya gane shi da ido kafin ya biya?

Na uku sun ce a ajiye tanki ɗaya a filin tsere, kowa ya sha daga nan, bayan an gama a ɗebi kaɗan daga motocin da suka yi nasara a gwada da na tankin. Mu muna tare da waɗannan. Dalilinmu kuwa shi ne doka ba ta da amfani sai in ana iya tabbatar da ita nan take, gaban kowa, da abin da kowa ya yarda da shi. Dokar da ba a iya dubawa mai gaskiya kaɗai take ɗaurewa.

Manyan gasa ma a nan suka tsaya. Tun 2004 kamfanin Sunoco ne ke ba motocin NASCAR mai, kuma da aka samu wani baƙon sinadari a injin Michael Waltrip gabanin tseren Daytona na 2007, an ci shugaban makanikansa tarar dalar Amurka 100,000, aka zabge maki 100. A Formula 1, a Burazil a 1995, an soke sakamakon Michael Schumacher da David Coulthard domin mansu bai dace da samfurin da aka ajiye ba. Da aka ɗaukaka ƙara an maida musu makinsu, amma kamfanoninsu suka rasa nasu. A Hangare a 2021 Sebastian Vettel ya zo na biyu, aka nemi lita 1 ta gwaji, lita 0.3 kawai aka samu a motarsa, matsayin ya tafi. Ba a ce ya yi algus ba. Abin gwadawa ne babu, hukunci kuma ya hau.

Masu adawa da tanki ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saninta: duk inda mai sayarwa ya zama shi kaɗai, farashi sai abin da ya yanka. In aka tilasta wa makanikin da ya yi tafiyar kwana guda da motarsa ya sayi man tsere mai tsada, an kore shi daga gasar da aka kafa dominsa. Saboda haka goyon bayanmu yana da sharuɗɗa. Man tankin ya zama na gidan mai na yau da kullum. A sanar da farashi tun kafin ranar gasa, kada ya yi nisa da na gari. A ɗebi samfurin tankin gaban masu gasa, a rufe, a sa hannu. Wanda aka ɗebi mansa a ba shi rabi ya riƙe, domin in ya ƙi yarda da sakamako a sake gwadawa a wani wuri. Hukunci kuma ya zama rubutacce, ɗaya ga zakara da ɗan koyo.

Daga Birnin Konni zuwa Illela, daga Dan Isa zuwa Jibiya, mun san abin da ke faruwa da kasuwar hatsi idan kowa ya zo da tiyarsa: mai bugaggen kwano ya ci riba, mai tsoron Allah ya kwana da asara, a ƙarshe masu saye su canza kasuwa. Filin tsere ma haka yake. Ranar da masu ƙaramin ƙarfi suka tabbata cewa a cikin bido ake cin gasa, za su daina zuwa, masu kuɗin su rage su kaɗai suna zagaye fili.

Allah ya ba mu ikon cika mudu, ya sa mu dace.