Ambaliya: manoma sun sauya dabara tun tuni, saura birane

Duk shekara idan damina ta ƙarato, ma'aikatun magajin gari na Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan fito da ma'aikata a yashe magudanun ruwa, a kuma yi kira ga mazauna kwari su tashi. Daminar 2024 ta nuna cewa wannan shiri na ƴan kwanaki bai isa ba. A shekarar nan ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma jihar Maradi ce ta fi kowace asarar rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Komawa makaranta ma sai da gwamnati ta ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, domin waɗanda gidajensu suka faɗi suna kwana a cikin azuzuwa.

Ruwan ne ya sauya hali. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa a lokaci guda sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Masana sun danganta abin da ƙaruwar zafi a hamadar Sahara. A ƙarshen Agustan 2024 birnin Maradi ya sha kusan milimita 150 cikin ƙasa da awa biyu, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba samu a shekara.

Su kuwa biranen, a zamanin fari suka yi girma. Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda talakawa suka yi wa laƙabi da El Buhari, mutanen karkara suka kwararo birni. Tafkuna da koramu sun bushe, aka yanka filaye a cikinsu, aka gina gidajen laka. Bahaushe ya ce ruwa ba ya manta hanyarsa. Da ya dawo, gidaje ya tarar a kai.

Wannan fari ɗaya ya koya wa manoma darasin da birane ba su ɗauka ba tukuna. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin noma a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara a gonaki suna da saiwa mai rai. Maimakon dashen itace, wanda yawancinsa mutuwa yake yi, sai aka fara barin ƴan rassa masu ƙarfi su tashi. Shi ne sassaben zamani. A yau ana ƙiyasta cewa ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya zama takin da ba a saya.

Ba wa'azi ya sa dabarar ta yaɗu ba. Ba ta buƙatar kuɗi, wuƙa ko gatari ya isa. Amfanin kuma a gida yake tsayawa: itacen girki, abincin dabbobi, ƙarin damman hatsi. Sannan manomi ya daina tsoron cewa itacen gonarsa na ma'aikatan gandun daji ne. Dokar daji ta 2004 da dokar 2020 kan sassaben zamani sun biyo baya suka tabbatar masa da haƙƙinsa.

A birni waɗannan sharuɗɗa uku ne suka yi ƙaranci. Ginin siminti ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai, amma akwai gyaran da bai kai nan ba: harsashi da ƙasan bango na dutse ko siminti, ɗaga daɓen ɗaki sama da titi, indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin ruwan farko. Magina ne ya kamata su fara koyon wannan, domin su ne ke ba mai gida shawara, kuma maginin da ya iya ginin laka mai jure ruwa ba zai rasa aiki ba. Sai dai ɗan haya ba zai kashe kuɗinsa a bangon wani ba, haka wanda ba shi da takardar fili ba zai zuba siminti a wurin da za a iya tashinsa gobe ba.

Akwai kuma dokokin da suka tsaya a takarda. Tun 2014 Nijar ta haramta shigo da leda marar kauri da sayar da ita, amma ita ce ke toshe magudanun ruwa a kowace unguwa. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai tana fitar da hasashen damina kafin ruwa ya sauka, kuma na 2024 ya faɗi cewa ruwa zai yi yawa. Labarin bai zama aiki a unguwanni ba.

Abin da za a auna hukumomi da shi shi ne abin da suka yi da rani: ko sun daina yanka filaye a hanyar ruwa, ko waɗanda aka ce su tashi sun samu fili da takarda a tudu. Wanda ba a nuna masa wurin zuwa ba, idan ruwa ya janye, a kan tsohon harsashinsa zai sake ɗora bango.